Wanda Malam Yake Nema

Babanmu mutum ne da zai bar shayinsa ya huce saboda tsuntsu. Ba kiwo yake yi ba, ba kuma harbi ba. Kallo kawai. Aikin gandun daji ya yi har ya yi ritaya, abin da ya fito da shi daga aikin kuwa ciwon gwiwa ne da wani tsohon madubin hangen nesa da fentinsa ya goge. Da an idar da sallar asuba sai ya rataya shi a wuya, ya tari keke mai ƙafa uku daga Rumde zuwa Jambutu, daga nan ya taka a ƙasa har tafkin Geriyo. Mutanen unguwa sun yi masa dariya har sun gaji sun bari.

Tsuntsu ɗaya yake nema, gauraka. Ya ce lokacin da yake yaro a cikin garin Yola garke-garke suke sauka a fadama, in suka yi kuka da safe har cikin gida ana ji. Ni dai tun da na yi wayo sau ɗaya na gan ta, a gidan wani attajiri a Bekaji, an yanke mata fiffike tana zagaya motoci. Da na zo da ɗokina na ba Baba labari, tsaki ya yi, ya ce wannan ba gauraka ba ce, fursuna ce. Shi ta sake yake so ya gani, wadda ta zo don kanta kuma za ta tafi don kanta. Shekara da shekaru yana zuwa tafkin, ba ta zo ba.

Mu biyu iyayenmu suka haifa, ni da yayana, wanda nake kira Hamma. Shi ne ɗan fari, don haka ban taɓa jin sunansa a bakin Inna ba. “Yaron nan” take cewa, ko kuma “shi”, kowa a gidan ya san wanda take nufi. Yana karatu a Mubi shekarar da mutanen daji suka shiga garin. Ya kira lambar Baba sau ɗaya, ya ce suna tafe a ƙasa shi da wasu, sun nufi duwatsu, cajinsa ya kusa ƙarewa, kar mu damu. Muryarsa ta ƙarshe da muka ji ke nan.

Ba zan tsaya ba da labarin neman ba. Jimeta ta cika maƙil da ’yan gudun hijira, a makarantu, a masallatai, a coci-coci, a zaurukan mutane. Babu inda Baba bai shiga da hoton Hamma ba. Wani ya ce ya ga mai kama da shi a kan iyaka, wani ya ce a’a, a bayan wata mota ya gan shi. Aka ƙwato garin, masu komawa suka koma, namu shiru.

Daga nan Inna ta kafa doka a gidan. Ba a cewa marigayi. Ba a cewa Allah ya jiƙansa. Ranar da Goggo, ƙanwar Baba, ta zo daga Yola ta kawo shawarar a yi masa salla daga nesa a yi sadaka, Inna da kanta ta ɗauko mata takalmanta ta ajiye a gabanta. Ta ce, “Wanda ya ga gawarsa ya zo ya faɗa mini a idona. In babu, kar a sake kashe mini yaro da baki.” Goggo ta fita tana kuka, ta daɗe ba ta sake tako gidanmu ba.

Ana cikin haka Baba ya koma zuwa tafki. Kai, ran Inna ya ɓaci! Nawa ma ya ɓaci, ni da bakina ba ya da linzami. A lokacin ma riƙe madubin hangen nesa neman magana ne, don ana iya cewa leƙen asiri kake yi wa mutanen daji, sai ya riƙa naɗe shi cikin sallaya yana wuce shingen bincike da shi. Inna takan bi shi da magana har ƙofar gida: “Malam, ɗanka yana daji, kai kana can kana leƙen agwagi!” Ni kuma in ƙara da nawa ƙunƙunin, yadda zai ji.

Wata safiya ya manta maganin hawan jininsa, Inna ta ce in bi shi da shi, in kuma gano mata abin da ke tafkin nan da ya fi gidansa. Na tafi a fusace, na shirya maganganu cike da baki. Na same shi zaune a kan wani kifaffen kwalekwale, gefensa wani dattijo yana ɗinkin koma. Masunci ne, abokin zamansa na tafkin, ɗan ƙabilar Bata ne, Hausarsa a kasuwa ya tsince ta. Shi ke kwana yana tashi a bakin ruwan, don haka shi Baba ya bar wa sallahu, in ya ga baƙon tsuntsu ya kira shi, a gabana ma sai da ya tuna masa.

Baba ya miƙo mini madubin. Da ƙyar na karɓa. Da na kafa ido sai ga ruwan ya taso ya zo gabana. Kirinjijiya sun yi jere a kan tsibirin laka suna fito. Wani zalɓe ya tsaya cik cikin bado, har na ɗauka itace ne sai da ya sari kifi. Can nesa ɗinya biyu, agwagin daji baƙaƙe manya, suna tsince-tsince a gefen gonar shinkafa, injin ban ruwa yana ta ƙara a bayansu ko a jikinsu. Baba yana faɗa mini sunayensu a hankali, da Hausa, da Fulatanci. Ya nuna mini wasu ƙanana masu dogayen ƙafafu, ya ce waɗannan baƙi ne, daga ƙasashen sanyi suke ƙetaro hamada, in zafi ya matso su koma. Na ce to me ya dame ni da su. Ya yi murmushi kawai.

Da masuncin ya tura kwalekwalensa ya shiga ruwa, sai Baba ya juya gabas ya ɗaga hannu. Na ji ya ambaci sunan Hamma, cikakke, ya ce Allah ya jiƙansa, ya yafe masa, ya haskaka makwancinsa ko a ina yake. Na ce, “Baba, ka fid da rai ke nan?”

Ya ce, “Uwata,” don sunan mahaifiyarsa gare ni, “ban sani ba. In yana raye, addu’ar nan ba za ta cuce shi ba. In kuwa ya riga mu, ki duba tsawon lokacin da ya yi babu mai roƙa masa gafara. A gida ba ni da inda zan faɗa. Nan ne kawai.” Ya share ido da hannun riga, ya ce kar in gaya wa Innata. Ban gaya mata ba. Na koma na ce mata agwagi ne kawai, kamar yadda ta faɗa.

Abin ya faru ne a farkon wani rani, ruwa ya fara ja baya. Ranar Baba bai je tafki ba, an yi rasuwa a danginsu ya tafi jana’iza Yola tun da safe. An kawo wuta, sai ya bar wayarsa a caji a kan taga. Ina wanke-wanke ta yi ƙara. Inna ta ɗauka, don tun ɓatan Hamma ba a barin wayar nan ta yi ƙara sau biyu. Ta danna abin da ke sa kowa ya ji, saboda kunnenta ɗaya ba ya ji sosai.

Murya ta fito tana haki: “Malam! Ya dawo! Wallahi ya dawo!”

Inna ta ce, “Wane ne? Malam ba ya nan.”

“Hajiya ne? Ni ne mai kamun kifi. Ka gaya wa Malam, wanda yake nema shekara da shekaru, ya dawo. Na gan shi da idona. Yana nan bakin ruwa, shi kaɗai.”

Na ga Inna ta dafa bango. Wata uwar da sunan ɗanta za ta kira ta tambaya, amma ita bakinta bai taɓa furta shi ba, ko a ranar bai iya ba. Abin da ta ce kawai shi ne, “Shi ne?”

“Shi ne! Ya rame, ƙafa ɗaya kaman ya ji ciwo, ba ya takawa da kyau. Ku zo a hankali, kar ku zo da mutane. Yana tsoro. In ya ga taro zai gudu.”

Sai wayar ta yanke. Na kira, na sake kira, a kashe.

Duk wanda ya zauna a Jimeta ya san yadda Hausarmu take. Mace “ya”, namiji “ya”, akuya “ya”, mota “ya”. Inna kuwa jikar fataken Kano ce, da wannan take taƙama, ba ta barin kuskuren nan ya wuce ta. Mai tallan nono, mai gyaran famfo, har Baba kansa, duk ta sha gyara musu: “Ta, ba ya ba! Mace ce!” Ta fi kowa sanin cewa “ya dawo” a bakin mutumin nan ba ya nuna komai. Ga shi ma ita kanta “ka” ya ce mata. Ni kuma na zauna da shi, na ji sallahun da Baba ya bar masa da kunnena. Amma wallahi ko sau ɗaya tsuntsu bai zo mini a rai ba. Ya rame, yana ɗingishi, yana tsoron taro. Haka duk wanda ya kuɓuto daga daji yake dawowa, mun gani a unguwa, mun kuma ga irin kallon da ake bin su da shi.

Ihun da na kurma shi ya tara maƙwabta. Kafin a ce me, tsakar gidanmu ta cika, wata ta rangaɗa guɗa, wata ta faɗi ta yi sujada a kan siminti jiƙaƙƙe. Inna ce kaɗai ba ta yi kuka ba. Ta shiga ɗakin Hamma ta fito da rigarsa da takalmansa na soso, ta juye kunun gyaɗar da ta dama wa Baba a fulas, ta ɗaure duka a ɗankwali. Ta tsaya a tsakiyar mata ta ce, “Kar wadda ta biyo mu. An ce yana tsoro.” Ta ce wa maƙwabciyarmu ta ɗora ruwan zafi.

A cikin keke ta yi maganar da ban ji ta yi irinta ba tun ɓatansa. Za a fara yi masa aski. Ba za a kai shi asibiti da rana ba, sai a kira ɗan Goggo mai aikin jinya ya duba ƙafar a gida. Kar in tambaye shi komai, ko me ya gani, ko me aka sa shi ya yi, nata ne a haka. Ta ce in ya ƙi cin abinci kar in matsa masa. Mai keken yana jin mu, da muka sauka a Jambutu ya ce Allah ya sa a ce gara da aka yi, ya ƙi tsayawa mu sallame shi.

Muka bi kunyoyin shinkafa, Inna a gaba, matar da ko kasuwa sai ta huta a hanya. Masuncin ya hango mu ya taho da sauri a duƙe, yatsa a baki. Ya yi mamakin ganin mata babu Malam, amma murna ta hana shi tambaya. Ya ja mu bayan wata doguwar ciyawar kacalla, ya sa muka durƙusa, ya miƙa hannu.

“Ga shi can.”

Na gan ta nan take. Doguwa, baƙa-baƙa, farin fiffike, kumatu fari da ja, ga tukkun nan ruwan zinare a kanta rana tana dukansa. Ta tsaya cikin ruwa iya ƙauri, ƙafa ɗaya a ɗage. Ban taɓa ganin abu mai kyau da na tsana kamarta ba.

Inna ba ta gan ta ba. Ta cikinta take kallo, tana neman mutum a bayanta. Ta duba ciyawa, ta duba gindin wata bishiya, ta duba ƙetaren ruwa inda wasu ’yan ƙwadago suke dashe. Ta ce, “Ina yake? Bawan Allah, ina yake?”

“Hajiya, ga shi a gabanka. Mai hula a kai.”

Na riƙe hannunta. Na ce, “Inna, gauraka ce.” Sai da na faɗa har sau nawa ban sani ba. Ta dube ni, ta dubi tsuntsuwar, ta dubi mutumin. Shi kuma sai lokacin idonsa ya sauka a kan takalman da suka leƙo daga ƙullin ɗankwali. Ya san labarin Hamma, Baba ya gaya masa. Na ga fahimta ta shige shi. Ya ɗora hannu biyu a ka ya zauna daɓas a cikin laka yana salati.

Ni da na iya masifa, ranar na rasa wanda zan yi wa. Wa zan zaga? Mutumin da ya ga abin da abokinsa ya daɗe yana nema, ya ƙarar da ɗan cajinsa don ya faranta masa? Inna ta zauna a kan kunya, ta ɗora ƙullin a cinya. A hankali ta ce, “Ta dawo. Ta, ake cewa.” Ba da faɗa ta faɗa ba.

Muna nan zaune Baba ya iso. Daga baya ya ba ni labarin yadda aka yi. Ya sauka daga keke ya tarar da ƙofar gidansa cike da maza ana yi masa barka, liman ya rungume shi. Ya ce shi ma ya yarda, har ya fara tunanin yadda zai nemi gafarar yaron saboda addu’o’in da ya yi ta yi masa na matattu. Sai ya tambaya wa ya kira. Da aka ce wani mai kamun kifi ne, ya gane. Bai iya faɗa wa kowa ba, ya juya ya tari wani keken.

Gaurakar tana nan inda take lokacin da ya zo, ko madubi ba a bukata. Masuncin bai nuna masa ba, ni ma ban nuna ba. Na zuba masa ido in ga ko zai saci kallo, ko sau ɗaya. Wallahi bai juya ba. Ya ba ruwan baya, ya durƙusa a gaban Inna da gwiwar nan tasa mai ciwo, ya karɓi ƙullin daga cinyarta, ya ce, “Tashi mu je gida.” Muna cikin gonaki muka ji kukanta a bayanmu, mai kauri, kamar ana busa ƙaho. Baba ya ɗan tsaya, sannan ya ci gaba da tafiya.

Komawa gidan ya fi komai ciwo. Ruwan zafi yana kan wuta, wata har ta yanka kaza. Ni na tsaya a zaure na yi bayani, mata suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya ba sallama. Na san an yi dariyar abin a wasu gidajen, don ya yi kama da abin dariya, har da ’yan uwanmu. Wadda ta kuskura ta yi a gabana dai ba ta sake ba.

Baba bai ƙara zuwa tafki ba. Inna ba ta hana shi ba, ba ta ma sake ambatar agwagi ba, shi ne ya rataye madubin a ƙusa ya bar shi. Da asuba sai ya dawo daga masallaci ya zauna a kujerar roba a ƙofar gida har rana ta kore shi. Ni kaɗai na san abin da ya rasa. Dokar Inna tana nan, wurin da yake zuwa ya karya ta kuma ya rufe. Wani lokaci nakan ga leɓɓansa suna motsi, in ya ji tafiyarta sai ya yi shiru. Haka ya yi ta lallaɓawa har ciwon ya kwantar da shi, ya rasu ana tsakiyar damina.

Madubin yana hannuna yanzu. Nakan je Geriyo jefi-jefi in na samu sarari daga makarantar da nake koyarwa. Gonaki sun ci gefe, gidaje sun matso, ruwan ya tsuke. Kirinjijiya suna nan, zalɓe yana nan, ɗinya sai an dace. Gauraka kuwa, masuncin ya ce kwana kaɗan ta yi ta tashi, babu wanda ya sake ganin ta. Nakan zauna in yi wa mutum biyu addu’a, sannan in koma gida in kama bakina.

Wayar Baba tana wurin Inna. Kullum a cike take da caji, don lambar nan kaɗai Hamma ya haddace. Babu mai kiranta sai masuncin, duk Salla, ya gaishe da iyalin abokinsa. Tun daga ranar nan yake magana da Inna kamar mai taka ƙaya, yana lalubo kowace kalma. “Hajiya, kin… kin yi Salla lafiya? Yarinya ta… tana lafiya?” Mutumin da ya tsufa bai damu da “ta” ba, tsoro ya koya masa.

A Sallar da ta wuce ina kusa da ita ya kira. Inna ta tsufa ƙwarai, idon ya yi rauni, ba ta fita ko ƙofar gida. Suka gaisa, ya yi mata addu’a, yana shirin sallama sai ta ce, “Dakata, bawan Allah. Ina roƙon wata alfarma.”

Ya ce, “Faɗi, Hajiya.”

“Maganar da ka yi mini ranan. Sake faɗa mini ita. Yadda ka faɗa, kar ka gyara.”

Ya ce, “Hajiya, ki yafe ni, don Allah.”

Ta ce, “Na yafe tun a bakin ruwa. Na san tsuntsu ne, hankalina ɗaya. Daga kiran nan naka zuwa tafki, ɗana yana raye, har ina shirin yi masa aski. Tun da ya tafi ban samu wani lokaci kamarsa ba. Faɗa mini kawai.”

Sannan a hankali ya ce, “Ya dawo, Hajiya. Na gan shi da idona. Yana nan bakin ruwa.”

Inna ta rufe ido. Ta riƙe wayar a kunnenta mai ji, ta daɗe a haka bayan ya kashe.